Tambaya da Amsa: Kuɗin Fito da na Dako a kan Kayan Gyaran Mota daga Ƙasashen Waje

Wasiƙun da suka taru a wannan fili cikin 'yan makonnin nan, mafi yawansu daga masu motoci da makanikai da 'yan kasuwar Abuja da kewaye, sun karkata ne ga abu guda, wato kuɗaɗen da ke biyo bayan kayan gyaran mota idan an sayo su daga wata ƙasa. Mun zaɓi biyar daga ciki, mun taƙaita su ba tare da mun taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙwaƙwalwar motata da famfon birkinta sun lalace, makanikina ya zagaya Apo da Zuba bai samu irinsu ba, sai na saya ta intanet daga Amurka a kan dala 1,000, na kuma biya dala 400 na dako da inshora. Da kayan suka iso Abuja, kamfanin da ya ɗauko su ya aiko mini da takarda cewa sai na biya sama da naira 400,000 kafin a sake su, alhali ni a ganina na gama biya tun a can. Shin wannan ba zalunci ba ne? Daga wani ma'aikacin gwamnati, Gwarimpa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Yallaɓai. Ɓacin ranka yana kan hanya, domin babu wanda zai ji daɗin a tare shi da irin wannan adadi bayan ya riga ya saki jiki, sai dai adadin da ka ambata bai yi nisa da abin da lissafin doka ke bayarwa ba. Kuɗin da ka biya a Amurka na mai kaya ne da na wanda ya ɗauko su. Haƙƙin gwamnatin Najeriya yana nan daban, kuma ba ya faɗuwa sai idan mai sayarwa ya rubuta ƙarara cewa shi zai ɗauki nauyin kuɗin fito da haraji har kaya su shiga hannunka, sharaɗin da ake yi wa alama da haruffan DDP a takardar ciniki. Yawancin masu sayarwa ta intanet ba sa ɗaukar wannan nauyi.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne Hukumar Kwastam ba a kan farashin kaya kaɗai take ɗora lissafinta ba. Tana haɗa farashin da kuɗin dako da inshora ne su zama jimla guda, sannan ta mayar da jimlar zuwa naira da canjin da ke kan na'urarta a ranar. Bari mu bi naka daki-daki, mu ɗauka canjin ranar naira 1,500 ne a kan dala, kuma an sa wa kayan kashi 10 cikin 100. Dala 1,400 ta zama naira 2,100,000, kuɗin fito kuwa naira 210,000. A tsarin da aka daɗe ana bi, akwai ƙarin kashi 7 cikin 100 na kuɗin fiton kansa, wato naira 14,700, akwai rabin kashi 1 na jimlar da ake karɓa da sunan ECOWAS a kan kayan da suka fito daga wajen yankin, wato naira 10,500, sannan akwai kashi 1 na farashin kaya don duba su, wato naira 15,000. Bayan an tara waɗannan duka tare da jimlar farko ne ake ɗora harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 cikin 100 tun watan Fabrairun 2020, kuma a nan ya kama naira 176,265. Abin da za a nema daga gare ka ya tashi naira 426,465. Kayan da ka gani a allon wayarka a kan naira 1,500,000 sun tsaya maka ke nan a kan fiye da naira 2,500,000 kafin makaniki ya ɗora hannu a kansu.

Akwai abu biyu da ke motsa wannan lissafi. Na farko shi ne cajin kashi 4 cikin 100 na farashin kaya da Dokar Hukumar Kwastam ta 2023 ta tanada, wanda aka fara karɓa a Fabrairun 2025, aka dakatar bayan 'yan kasuwa da masu masana'antu sun koka, aka sake dawo da shi a watan Agustan shekarar, aka kuma ci gaba da taƙaddama a kansa. A misalinmu wannan caji naira 60,000 ne, don haka ka duba ko an sa maka shi a takarda. Na biyu shi ne canji. A farkon watan Yunin 2023 kwastam tana lissafi ne da kimanin naira 422 a kan dala, amma kafin ƙarshen Fabrairun 2024 adadin ya haura naira 1,400, ma'ana kuɗin fiton abu ɗaya ya ninka fiye da sau uku ba tare da an taɓa kaso ko ɗaya ba. Duk wanda ya ba ka labarin abin da ya biya shekarun baya, gaskiya ya faɗa, amma ba za ta yi maka amfani yau ba.

Shawarata ita ce kada ka biya ko sisi sai an ba ka takardar ƙiyasi ta kwastam kanta, ba takardar kamfanin dako kaɗai ba. Idan ta zo hannunka, ka fara duba lambar rukunin da aka sa kayan a ciki. Tsarin kuɗin fito na bai ɗaya na ECOWAS, wanda ya fara aiki a 2015, matakai biyar ne: sifili, kashi 5, kashi 10, kashi 20 da kashi 35. Yawancin sassan mota suna ƙarƙashin lamba 8708, amma injin fetur yana 8407, sabuwar taya tana 4011, batir yana 8507, fulogi yana 8511, fitilu kuma suna 8512, kuma ba lallai ne kasonsu ya zo ɗaya ba. Kuskure a wannan lamba yana iya ɗaga kaya daga wani mataki zuwa na sama da shi, kuma kana da damar neman a gyara. Bayan haka ka duba ko darajar da aka rubuta ta yi daidai da rasit ɗinka, sannan ka ware ladan kamfanin dako na fitar da kaya da kuɗin ajiya, domin waɗannan nasu ne, ba na gwamnati ba, kuma na ajiya yana ƙaruwa ne da kowace kwana da kayan suka yi a wurinsu.

Tambaya: Na ga bambar gaban motata a kan dala 120 a wani shagon intanet na Dubai, amma da na nemi a turo mini ta jirgin sama sai aka ce nauyinta kilo 72 ne, kuɗin dakon ya ninka kuɗinta sau da yawa, alhali yaro ma zai iya ɗaga bamba da hannu ɗaya. Kuma na ji an ce yanzu an yafe haraji a kan ƙananan kaya. Mene ne gaskiyar lamarin? Daga wata malamar asibiti, Kubwa.

Amsa: Hajiya, ba sikelinsu ne ya lalace ba. Masu dakon jirgin sama suna auna kaya ta fuska biyu, nauyinsu a sikeli da kuma filin da suka cinye a cikin jirgi, sai su caje ki da wanda ya fi yawa. Manyan kamfanonin aika kaya cikin gaggawa suna ninka tsawon kwali da faɗinsa da tsayinsa a ma'aunin santimita, su raba abin da ya fito da 5,000. Kwalin bamba mai tsawon santimita 180 da faɗin 50 da tsayin 40 yana ba da 360,000, idan aka raba kuwa kilo 72 ne cif, ko da robar da ke ciki ba ta kai kilo 6 ba. Saboda haka bamba da ƙofa da bonet da gilashin gaba ba kayan jirgin sama ba ne, kayan kwantena ne, inda ake lissafi da faɗin wuri a farashi mai sauƙi, in dai za ki iya jiran makonni. A ganina ma, kafin ki kai ga haka, ki sa a duba miki Apo da Gudu, ko a yi wa wani ɗan kasuwar Ladipo da ke Legas waya, domin irin waɗannan manyan sassa sun riga sun shigo cikin kwantenar wani, an raba dakonsu a kan kaya masu yawa. Jirgin sama ya dace ne da ƙaramin abu mai tsada wanda ba a samu a gida, kamar na'urorin lantarkin mota.

Maganar yafiya kuwa gaskiya ce, amma tana da iyaka. Daga ranar 8 ga Satumban 2025, kwastam ta daina karɓar kuɗin fito da haraji a kan kayan da darajarsu ba ta wuce dala 300 ba, idan sun zo ta kamfanonin aika kaya cikin gaggawa ko a jakar matafiyi, kuma sau huɗu kawai a shekara ga mutum ɗaya. Yafiyar ba ta shafi kayan da aka haramta shigowa da su ba, ba ta kuma rage ko kwabo daga kuɗin dako ba, wanda shi ne ainihin matsalarki. Ki kuma sani cewa jakar iska ta kariya da batir da shokazoba mai gas suna cikin kayan da jiragen sama ke ɗauka a matsayin masu haɗari, wasu kamfanoni ba sa karɓarsu sam, masu karɓa kuma suna ƙara kuɗi.

Tambaya: Ni makaniki ne, wani abokina ya ce in riƙa sayo injuna da tayoyi 'yan Beljiyam daga Kwatano, wai tunda Benin tana cikin ECOWAS babu kuɗin fito tsakaninmu da su. Haka ne? Daga wani makaniki, Apo.

Amsa: Ba haka ba ne, Malam, kuma wannan fahimta ta jawo wa mutane da yawa asara. Rangwamen ECOWAS na kayan da aka noma ko aka ƙera a cikin ƙasashen ƙungiyar ne, kuma kayan masana'anta sai an yi musu rajista, sun zo da takardar shaidar asali. Injin da aka cire daga wata mota a Turai ko Japan, aka sauke shi a tashar ruwan Kwatano, bai zama ɗan Benin ba don ya kwana a can. Idan ya iso kan iyakar Seme, kuɗin fitonsa yana nan kamar wanda ya sauka a tashar ruwan Apapa da ke Legas, ga kuma abin da aka riga aka kashe a kansa a tashar Kwatano. Arahar da abokinka yake gani, a mafi yawan lokuta, ta kayan da suka bi ta bayan gida ce, wato fasa-ƙwauri, kuma daga iyaka zuwa Abuja tafiya ce ta sama da kilomita 700 cike da shingayen jami'ai masu ikon tsare duk kayan da ba su da takarda.

Tayoyi kuma maganarsu ta fi haka nauyi, domin tsofaffin tayoyin mota suna cikin jerin kayan da aka haramta shigowa da su Najeriya, ba batun biyan kuɗi ba ne ma balle a yi ciniki. Ni kuma ina goyon bayan wannan hani da zuciya ɗaya. Tayar da ta gama shekarunta a ƙasar sanyi, aka cusa ta cikin wata tayar aka matse a kwantena, sannan aka ɗaura wa motar haya mai bin hanyar Lakwaja da tsakar rana, rayukan mutane ake sa wa a gaba.

Tambaya: Ina da shago a kasuwar kayan gyaran mota, kullum daga Legas nake saro kaya, yanzu kuma ina so in fara haɗa kwantena da wasu daga Sharja ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ko Guwanzu ta ƙasar Sin. Wani ejan ya ba ni farashi guda har ƙofar shago, ya ce kada in damu da takardu, kuma zai rage darajar kayan a rasit don kuɗin fito ya yi sauƙi. Me kuke gani? Daga wani ɗan kasuwa, Zuba.

Amsa: Alhaji, haɗa kwantena hanya ce mai kyau ga mai ƙaramin jari, kuma da ita manyan 'yan kasuwa da yawa suka fara. Farashi guda har ƙofar shago shi ma ba laifi ba ne, in an rubuta abin da ya ƙunsa. Kalmomi biyu ne a maganar ejan ɗinka suka tsaya mini a rai, cewa kada ka damu da takardu, da cewa zai rage daraja.

Ga yadda shigo da kayan kasuwanci yake tafiya bisa ƙa'ida. Mai shigo da kaya yana buɗe Fom M, wato takardar neman shigo da kaya, ta bankinsa da lambarsa ta biyan haraji tun kafin a loda kaya. Sababbin kayan da ke ƙarƙashin kulawar Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Najeriya suna buƙatar takardar SONCAP, wadda ake samowa tun daga ƙasar da aka saye su. Da waɗannan takardu ne kwastam take fitar da rahoton ƙiyasi da ake kira PAAR, wanda ke nuna rukunin kaya da darajarsu, sannan ejan mai lasisi ya shigar da bayanan kaya, a biya kuɗin a banki, a duba kwantena, a sake ta. A kwantenar haɗaka duk waɗannan takardu suna fita ne da sunan mai haɗawar, ba da sunanka ba, ma'ana kayanka suna tafiya ne a ƙarƙashin gaskiyar wani ko ƙaryarsa. Idan mutum ɗaya cikin masu kayan ya cusa tsofaffin tayoyi ko wani abin da aka hana a ƙuryar kwantenar, za a tsare ta gaba ɗaya, da kayan mai laifi da na marar laifi, kuɗin ajiyar tasha da na kamfanin jirgi kuma suna ta hauhawa.

Rage daraja a rasit kuwa laifi ne a doka, kuma ba dabara ba ce da kwastam ba ta sani ba. Jami'an ƙiyasi suna da bayanan abin da wasu suka biya a kan irin kayan, suna da ikon ƙin amincewa da rasit ɗin da suka ga bai yi kama da gaskiya ba, su aiko da takardar neman cikon kuɗi tare da tara, kuma doka ta ba su damar bin sawun kaya ko bayan sun bar tasha. Akwai wata asarar da ba a cika tunawa da ita ba: idan kaya suka lalace a teku ko suka ɓace, inshora za ta biya ka ne bisa darajar da aka rubuta. Wanda ya rubuta dala 4,000 a kan kayan dala 10,000 ya yafe dala 6,000 da hannunsa tun kafin jirgi ya tashi.

Abin da zan ce ka yi shi ne ka nemi ejan ɗin ya nuna maka lasisin wanda zai fitar da kayan, ku rubuta yarjejeniya da ta fayyace farashin kowace mita ta faɗin wuri, da wanda zai biya kuɗin ajiya idan aka samu jinkiri, da wanda zai ɗauki asara idan aka tsare kwantena saboda kayan wani. Ka sa a cikin sharaɗi cewa za a ba ka kwafin takardar bayanan kaya da rasit ɗin banki na biyan kuɗin fito, kwafi ɗaya ya bi direban da zai taso daga Legas, ɗaya ya zauna a shagonka. Ka kuma tambayi farashin saukewa a tashar tudu ta Kaduna, wadda aka buɗe a Janairun 2018, ka gwada da na Legas, tunda Kaduna ta fi kusa da Zuba nesa ba kusa ba. Ejan ɗin da ya ji waɗannan sharuɗɗa ya fara kame-kame, ka riƙe kuɗinka ka nemi wani. Kuma a tafiyar farko kada ka zuba jarinka duka, ka gwada da abin da in ya maƙale wata uku shagonka ba zai rufe ba.

Tambaya: Na sayo wa motata injin sitiyari daga Ingila, na biya dako da kuɗin fito, da aka zo ɗaurawa sai makaniki ya ce ba zai shiga ba. Mai kayan ya yarda in mayar, amma ya ce dakon komawa a kaina yake. Kwastam za ta dawo mini da kuɗina? Daga wani direba, Nyanya.

Amsa: Allah ya mayar maka da alheri, ɗan'uwa. Kada ka sa rai da kuɗin fiton, domin an karɓe shi ne saboda kaya sun shigo ƙasa, kuma kuskuren mai saye ba ya cikin abin da ke warware wannan. Dalilin da ya sa bai shiga ba a bayyane yake: motocin Ingila da na Japan sitiyarinsu a dama yake, namu kuwa a hagu, tun da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a watan Afrilun 1972. Injin sitiyari da allon gaban direba da fitilun gaba da hannun goge gilashi duk suna bambanta tsakanin motocin biyu ko da sunansu da shekararsu ɗaya ne. Haka kuma motar da aka ƙera don kasuwar Amurka takan bambanta da 'yar'uwarta ta Turai a na'urorin lantarki. Kafin a biya kuɗi, a tura wa mai sayarwa lambar shasi mai alamomi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da hoton lambar da ke jikin tsohon abin da aka cire, a kuma sa shi ya tabbatar a rubuce cewa kayansa sun dace da su.

Game da mayarwa, ka zauna ka yi lissafi tukuna. Ka nemi farashin dakon komawa, ka cire shi daga abin da mai kayan zai dawo maka da shi, ka tuna cewa dakon zuwa da kuɗin fito sun riga sun tafi. Ka kuma duba rasit ɗinka ko an caje ka harajin VAT na Ingila, wanda kashi 20 cikin 100 ne, domin kayan da mai shago ya aiko kai tsaye zuwa Najeriya bai kamata a ɗora musu shi ba, kuma kana iya neman ya dawo maka da shi. Idan abin da zai rage bayan wannan lissafi bai taka kara ya karya ba, ka kai injin sitiyarin Apo ka nuna wa masu sayar da irinsa, wataƙila su saye shi don sassan da ke jikinsa, ka cika kuɗi ka sayi na hagu a wurinsu, a gwada shi a jikin motar kafin ka biya.